Yadda Matafiyi Zai Tantance Jihohin Da Ya Ziyarta Da Gaske

Wanda ya shiga motar Yamai daga Maraɗi zai ratsa jihar Tawa ta Madawa, Galmi da Birnin Ƙonni, ya shiga jihar Doso ta Dogon Dutsi, ya ɗan taɓa ta Tilaberi kafin ya sauka, tafiyar da ta haura kilomita 600. A lissafin wasu, jihohi biyar ke nan a yini guda daga cikin takwas na Nijar, idan aka haɗa da Maraɗi da Yamai. A ganina wannan lissafi bai tsaya ba, domin abin da fasinja ya gani bai wuce gudoro da shingen jami'an tsaro ba.

Abu na farko shi ne ka kafa ƙa'ida tun kafin ka fara ƙirga, kuma ka yi aiki da ita a kowace jiha ba tare da son kai ba. Mafi ƙarancinta shi ne ka sauka don ra'ayin kanka, ka fita daga harabar tasha. Tsayawar da direba yake yi a Ƙonni don salla da cin abinci ba ta shiga ciki, haka nan miƙa hannu ta taga a sayi albasar Galmi direba yana ta matsa oda. Garin Tawa kansa ma ba a kan wannan hanya yake ba, sai an ratse arewa daga Tsarnawa.

Kwana shi ne ma'aunin da na fi amincewa da shi, saboda wanda ya kwana ya ji kiran asuba, ya nemi koko da ƙosai a unguwa, ya tambayi hanya, ya ji yadda Hausar Adar ta bambanta da ta Katsinawa da Gobirawan Maraɗi. Amma wanda ya sauka tasha da tsakar dare ya tashi da motar asuba, barci kawai ya yi. Ɗan kasuwar da ya yini a kasuwar Dole ta Damagaram yana ciniki ya fi shi cancanta, ko da bai kwana ba.

Bayan haka, ka raba takardarka gida biyu, jihohin da ka ratsa da waɗanda ka ziyarta, ka rubuta sunan gari da abin da ya kai ka. Ƙa'idar ba ta sakewa don an ƙetare iyaka: wanda ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya zarce Kano, jihar Katsina tana gidan ratse har ranar da zai sauka a cikinta.