Yadda ɗan fim zai shirya zuwa bikin Cannes ba tare da kuɗinsa sun tafi a banza ba

Duk shekara da zarar watan Mayu ya kama sai ka ga hotunan jan kafet na Cannes sun cika Instagram, ƴan fim ɗinmu na ta yaɗawa ana "Allah ya kai mu". Toh amin, amma zuwan ba a addu'a kaɗai yake ba, akwai tsari, kuma wanda bai san tsarin ba wallahi zai kashe miliyoyi ya je ya tsaya a bakin titi yana kallon mutane na shiga.

Cannes ɗin nan, Kan ake furtawa, ƙaramin gari ne a bakin tekun Bahar Rum a kudancin Faransa. Tun 1939 aka so fara bikin finafinan da ake yi a can, yaƙin duniya na biyu ya hana, sai a 1946 aka yi na farko, kuma kwana goma sha biyu ake yi. Abu na farko da za ka tsayar a ranka kafin ka taɓa ko sisi shi ne, fim zan kai ko ni zan je? Hanyoyinsu daban ne.

In fim za ka kai, to dan Allah ɗan uwa ka cire hannunka daga YouTube. Nan ne muke faɗuwa tun ba a fara ba. Ƙa'idarsu ita ce fim ɗin ya zama an gama shi cikin wata 12 kafin bikin, ba a haska shi a wata ƙasa ba in ba ƙasar da aka yi shi ba, bai je wani bikin ƙasa da ƙasa ba, kuma ba a ɗora shi a intanet ba. Mu kuma yanzu an saba edita na gama aiki da daddare da safe an ɗora saboda a fara maida kuɗi, na san halin da furodusa yake ciki bashi na wuyansa, amma fim ɗin da ka yi niyyar kaiwa waje dole ka kulle shi ka yi haƙuri, ko ɗan yanki mai tsawo kar ka saki. Ana buɗe karɓar finafinai a shafinsu tun kafin shekara ta juya, a rufe wajen watan Maris, a watan Afrilu kuma shugaban zaɓe Thierry Frémaux ya fito gaban ƴan jarida ya karanto waɗanda aka ɗauka.

Kuma ba ƙofa ɗaya ba ce. Akwai babbar gasa ta Palme d'Or, wannan ta manyan daraktocin duniya ce, kar ka fara da ita. Akwai Un Certain Regard, inda fim ɗin Akinola Davies Jr. mai suna My Father's Shadow ya shiga a 2025, fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga zaɓen bikin a hukumance. Akwai Semaine de la Critique da ke ɗaukar fim ɗin darakta na farko ko na biyu kawai, kuma tun 1969 Oumarou Ganda na Nijar ya kai Cabascabo can, ka ga kenan maƙwabta sun daɗe da sanin hanya. Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ma ya ɗauki kyautar alƙalai a babbar gasa a 2010. Akwai Quinzaine, wani sashe mai zaman kansa da ake yi a gefen bikin, ita ma kwamitinta daban fom ɗinta daban. Ni dai a ganina ƙofar da ta fi dacewa da matashi ita ce gajeren fim, wanda bai wuce minti 15 ba har da sunaye, domin kuɗin da za ka zuba a fim mai awa biyu ya fito rabi da rabi, in ka tattara shi a minti sha biyar zai fito tsaf.

Abu biyu nake roƙon ka kashe wa kuɗi fiye da kamara. Sauti da fassara. A waya ba a jin ƙarar janareta da ke bayan gida, amma a babban zauren sinima ita za a fara ji kafin muryar jarumi, har kukan akuyar maƙwabta sai ya fito. Fassara kuma kar ka ba yaron edita ya yi da daddare, nemo wanda ya iya Hausa ya iya Turanci da gaske, wanda in tsohuwa ta yi habaici a fim zai san yadda zai sa Bature ya ji zafin maganar. In an ɗauki fim ɗin za a nemi fassarar Faransanci ma, kuma a tsarin DCP ake haskawa irin na manyan sinimomi, ba fayil ɗin da muke turawa a flash ba.

Toh in kai za ka je, sai maganar baji, wato katin shaidar shiga bikin. Cannes ba kamar sinima ba ce da za ka zo ƙofa ka sayi tikiti, manyan zauruka sai mai baji. Ƴan masana'anta suna nema a shafin bikin tun farkon shekara, za a ce ka nuna shaidar aikinka, don haka ka tabbatar sunanka na jikin finafinan da ka yi kuma ana iya ganinsa a intanet, kamfaninka da rijista. Ƴan jarida nasu daban. Matasa ƴan shekara 18 zuwa 28 akwai wani tsari na kwana uku da aka fara a 2018, wasiƙa kake rubutawa ka faɗi dalilin da kake son sinima, kuma ba sai kana ɗan fim ba. Sannan akwai bajin kasuwa, Marché du Film, wannan saye ake yi kuma da tsada, amma ga furodusa shi ne asalin zuwan. Kasuwar tun 1959 take ci, a ƙasan Palais, babban ginin da ake bikin, da kewayensa, rumfa rumfa, masu sayen fim da masu rarrabawa da masu zuba jari duk suna nan, kuma fim ɗinka ba sai an zaɓe shi a gasa ba kafin ka tallata shi a can. Sai dai mutanen nan littafin ganawarsu tun kafin su baro gida yake cika, ka fara tura saƙo tun Afrilu, gajere, da tirela da takarda ɗaya da ta faɗi labarin da abin da kake nema. Ganawa minti ashirin ce ko talatin, babu doguwar gaisuwa, ka gwada faɗin labarinka a minti biyu tun a gida har ya zauna a bakinka.

Biza kuma ta Schengen ce, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ta ofishin jakadancin Faransa, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kar ka bari sai Afrilu. Takardar amincewa da bajinka, masauki, tikitin dawowa, bayanan banki, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Jirgi a birnin Nis (Nice) zai sauke ka, daga can jirgin ƙasa ko bas zuwa Cannes bai kai awa ɗaya ba. Masauki a cikin gari lokacin biki kuɗinsa ba a magana, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku kama gida a La Bocca ko Antibes ko Juan-les-Pins kusa da tasha, amma ka riƙe lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe da dare a kanka dan tasi zai cinye maka kuɗin abincin kwana biyu.

Baji kaɗai baya shigar da kai kallo, sai ka kama tikiti a intanet, ƙarfe 7 na safe agogon Faransa ake buɗewa kwanaki kaɗan kafin ranar fim ɗin, kuma manyan finafinai kafin ka gama murza ido sun ƙare, gara in ka yi asuba ka zauna da wayar a hannu. In ka kama ba za ka je ba ka soke, suna lura da masu riƙe kujera su ƙi zuwa. Babban zauren Lumière mutum wajen 2,300 yake ɗauka, shi ne mai matattakala 24 ɗin nan da jan kafet, haskawar dare sai da kwat mai duhu da nakatayi, ba a shiga da jakar goyo, kuma tun 2018 an hana selfi a kan kafet. In babbar riga kake son sawa ka rubuta musu ka tambaya tun kana gida, amsar ta zauna a wayarka. A gaban Palais da yamma za ka ga mutane sun ci ado tsaf da kwat, riƙe da ɗan kwali da suka rubuta da biro suna roƙon wanda yake da ragowar gayyata, wani ya yi awa biyu a tsaye cikin rana, kuma wasu na dacewa. Amma finafinan nan ana maimaita su washegari a wasu zauruka babu dokar kaya, can za ka fi kallo a natse. Da daddare kuma akwai Cinéma de la Plage, inda ake haska fim a fili a bakin ruwa, kyauta ne ga kowa ko ba baji, ka tafi da rigar sanyi dan iskar teku na kaɗawa sosai, kuma magariba a can sai wajen ƙarfe tara, ka yi sallarka da wuri ka je ka kama layi dan kujerun basa jira.