Yadda Nake Haɗa Kayan Kwalliyar Mugu da Kuɗi Kaɗan

Duk ƙarshen Oktoba wayoyin yaranmu na cika da hotunan Turawa sun shafe fuska sun koma dodanni. Bikinsu ne na Halowin, ranar 31 ga wata, wanda ya samo asali daga Ailan da Sikotilan, ya yi ƙarfi a Amurka, inda yara ke shigar ban tsoro suna bi gida-gida ana ba su alewa. Mu nan Maradi ba ma yin sa. Amma muna da tashe cikin azumi, muna da wasan kwaikwayon 'yan lakwal na ƙarshen shekara, ga samarin da ke ɗaukar gajerun finafinai da waya, kuma babu wasan da zai yi armashi in babu mugu a cikinsa: boka, ɗan fashi, mayya, ko azzalumin attajiri. Ni kwalliyar amare ce sana'ata, amma na daɗe ina yi wa 'yan wasan unguwarmu fuska, kuma kayan da nake aiki da su ba su taɓa cin min fiye da jikka biyu ba.

Akwatunan fentin da kuke gani a TikTok, yawancinsu don farar fata aka tsara su. Bature in ya shafa baƙi ƙarƙashin ido, daga nesa ake gani. Mu kuwa baƙin ɓacewa yake a fatarmu, musamman da dare ƙarƙashin fitila ɗaya. A fuskar baƙar fata, fari da ruwan toka su ke yin aikin, baƙin taimako kawai yake yi. Wanda ya gane wannan ya huta da sayen kala goma sha biyu.

Zagaye ɗaya cikin babbar kasuwa ya isa. Wajen masu kayan kwalliya ku sayi baƙar jagira, jan baki mai duhu, da hodar jarirai. Wajen mata masu tallar mai ku sayi man kaɗe, na dala 20 ma ya isa fuska da yawa. Sai ƙaro, sitaci, auduga, takardar goge hannu, jar kalar abinci irin wadda masu kek ke saya, da jan goro ɗaya. Gawayi da sukari akwai su a gida.

Kala biyu za ku haɗa. Farin, sitaci ne cokali biyu da ɗan man kaɗe, a murza da yatsa har ya haɗe. Baƙin, gawayin itace ne a daka shi lilis, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi don kada tsakuwarsa ta karce fata, sannan a cuɗa da man. In kun ɗebi kaɗan daga kowane kun gauraya, kun samu ruwan toka. Ku yi rowar man sosai, domin man kaɗe da ɗumin jiki ma narkewa yake, balle a zafin Maradi. In ya yi yawa, kafin ɗan wasa ya gama fitowar farko fuskar ta zubo wuya.

Ga inda nake ɗaukar lokaci. Ina zaunar da ɗan wasa a kujera, in ce masa: “Ƙanena, haɗe rai kamar an ci maka bashi an hana.” Da ya ɗaure fuska, layukan goshi da na tsakanin gira da waɗanda suka sauko daga gefen hanci zuwa baki duk za su fito. Su nake bi da jagira, siriri, sannan in ɗan murje da yatsa. Ba na ƙirƙiro layin da babu shi a fuskarsa, don da ya fara magana ƙaryar za ta bayyana. Daga nan sai ya tsotse kumatu, in sa baƙi cikin ramin, da gefen goshi, da kewayen ido. Sai kuma babban aikin: farin nan a kan duk ƙashin da ya taso, wato ƙashin kumatu, doron hanci, saman gira da haɓa, kuma kusa da kowane baƙin layi in ja siririn fari. Nan take yaro mai shekara 20 zai koma tsohon da bai taɓa dariya ba. Gira kuma a ƙara mata kauri, a sunkuyo da kanta wajen hanci, a ɗaga wutsiyar sama. In fuskar boka ce ko mayya, ana shafa ruwan toka a gira da gemu da leɓe. Idan an gama, a daddanna hoda da auduga, kada a goga.

Ku ja baya taki goma ku duba, da irin hasken da za a yi wasan. Abin da ya yi kyau a madubi sau da yawa ba ya kai wa layin baya na 'yan kallo.

Tabo da ƙaro ake yin sa. A jiƙa shi cikin ruwan ɗumi har ya yi kauri yana danƙo, a shafa inda ake so, a ɗora takardar goge hannu da aka murɗe siririya, a ƙara shafawa, a bari ya bushe. Sai a ɗan buɗe tsakiya da farce, a sa jan baki ciki, a rufe gefe da gefe da ruwan toka. Kada ya hau gashi. A nan ina da roƙo ɗaya da nake yi wa kowa. Garinmu gari ne na masu tsagar gado, ga Katsinawa ga Gobirawa, Tibiri ma ga ta nan kusa. Kada tabon mugunku ya yi kama da askar gidan wani. Ku ja shi a karkace, guda ɗaya, ta kan gira ko haɓa. Haka nan ba na yarda a mai da zabiya ko kuturu ko mai ido ɗaya alamar mugunta, don suna cikin masu kallo kuma 'yan uwanmu ne.

Jini, sukari ne a dafa da ruwa kaɗan har ya yi kauri, a bari ya huce sarai, a ɗiga jar kala, a sa ɗan tsunkulen Nescafé ya duhunta shi. Zoɓo ba ya yi, shunayya yake fitowa a kyamara. Sai dab da shiga fili ake shafa shi saboda ƙuda, kuma a sa tsohuwar riga don kalar tana kama tufa. Haƙora kuwa, ɗan wasa ya tauna jan goro.

Akwai abubuwan da ba sa shiga jakata ko kyauta aka ba ni. Kwallin dutse sau da yawa yana ɗauke da dalma, mai cutar da ƙwaƙwalwar yara, don haka ba na sa wa 'yan tashe. Baƙin lalle da rinin gashi suna iya ƙona fata su bar tabon gaske. Toka in ta haɗu da gumi tana cin fata. Super Glue da fentin gini kuwa ko kusa. Duk abin da kuka haɗa, ku gwada kaɗan a cikin hannun ɗan wasan tun ana gobe wasa, in ya yi ƙaiƙayi ko ya tashi a bar shi. A fere jagira kafin a koma kan wani mutum, in kuma ana fama da apolo a gari, kowa ya zo da tasa.

Wajen wankewa kada a fara da sabulu, baƙin zai bazu ne kawai. A shafa man gyaɗa ko man kaɗe, a share da auduga, sannan sabulu da ruwan ɗumi. Tabon ƙaro a jiƙa shi da tsumma har ya saki da kansa. Busasshen garin gawayi da sitaci za su jira wasa na gaba cikin gwangwani mai murfi, amma jinin da ya rage a zubar da shi ranar.