Yadda Ake Gane Kotun da Ke da Hurumin Sauraron Ƙararka a Najeriya

Kafin ka biya kuɗin shigar da ƙara, tabbatar kotun da ka nufa tana da hurumi. Idan babu shi, ko shekara biyar aka kwashe ana shari'a, hukuncin ba zai tsaya ba.

Da farko, duba ainihin abin da kake nema. Kotu tana auna huruminta ne da abin da mai ƙara ya rubuta a takardarsa.

Na biyu, buɗe sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Nan aka jera abubuwan da aka keɓe wa Babbar Kotun Tarayya: kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kwastan, harkar kamfanoni, haƙƙin mallakar fasaha, jiragen ruwa da na sama, fasfo, ma'adinai. A lura, rigimar mutum da bankinsa kan asusunsa kotun jiha ma tana iya saurarenta.

Na uku, idan batun aiki ne, kamar kora ko hana albashi, sashe na 254C ya miƙa shi ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ko da gwamnatin jiha kake ƙara.

Abin da ya rage kuwa galibi na jiha ne, bisa sashe na 272: bashi, saɓa alkawarin ciniki, rigimar fili. Aure, saki da gadon Musulmi kotun shari'ar Musulunci ake kai su.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙarar take haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 46 ya buɗe ƙofar kotunan biyu, wato babbar kotun jiha da ta tarayya, shi ya sa wasu lauyoyi ke yi wa rigimar sarauta wannan riga don su shiga kotun tarayya. Dabarar tsohuwa ce, kuma ba ta cika ɗorewa ba. Tun 1989, a shari'ar tsige Sarkin Muri, Kotun Ƙoli ta ce sarauta ba hurumin kotun tarayya ba ne, haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake faɗa a Janairun 2025 kan rikicin masarautar Kano.

Daga ƙarshe, idan hukunci bai yi maka ba, hanyar ɗaya ce: daga babbar kotun jiha ko ta tarayya sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja.