In gwaggo ta rasu, ku fara adana Littafi Mai Tsarkinta

Salama, 'yan'uwa. Shawara ce ga masu tafiya makoki ƙauye, daga abin da muka gani da gwaggonmu ta koma ga Ubangiji a wani ƙauye tsakanin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru.

Kafin a fara rabon zannuwa da kwanoni, a damƙa wa mutum ɗaya amanar Littafi Mai Tsarkinta. Tsofaffinmu a ciki suke ajiye komai: katin baftisma, tsofaffin hotuna, sunayen jikokin da ake yi wa addu'a. A na gwaggo, Zabura 23 har ta yi baƙi don yawan taɓawa. Ku ɗauki hoton duk shafin da ta ja wa layi, ku tura wa dangi ta WhatsApp, sai rigimar wa zai riƙe littafin ta yi sauƙi. Littafin kuma a sa shi a leda cikin akwatin ƙarfe, don gara ba ta da kunya.

Da dare matan zumunta na coci za su rera waƙoƙin da take so, wasu da Fulatanci, wasu da yaren ƙauyen, kuma yawancinsu a ka suke, ba a rubuce ba. Ku nemi izininsu ku naɗi muryoyin. Ku je da waya cike da caji, ƙauyuka da yawa ba lantarki.

Gudummawa kuwa ta bi lamba ɗaya ta tura kuɗi a waya, Orange Money ko MTN, ana rubutawa. Maƙwabta Musulmi za su zo ta'aziyya, a tanadar musu tabarma da buta a inuwa.