Masu motar dizal, ku auna shan manku da kanku

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu ƙananan motocin dizal irin su Golf TDI, don Allah ku rage dogaro da lambar da allon mota ke nunawa, sau da yawa tana rage abin da injin ya sha.

Ni ga yadda nake yi. In cika tanki har famfon gidan mai ya tsaya da kansa, in mayar da mitar tafiya sifili. Bayan mako guda in koma wannan famfon in sake cikawa, sai in raba kilomitar da na yi da litar da ta shiga. Ku auna na cikin gari daban, na hanya daban. Zuwa Birnin Kebbi da dawowa, tawa kaɗan take sha. Kai yara makaranta da safe kuwa, inji bai yi ɗumi ba, ga cunkoson kasuwa, ga na'urar sanyi a zafin Afrilun Sakkwato, nan man ke zurarewa.

Da hunturu ku duba filtar iska. Bara da na ciro tawa, ƙura ta toshe ta, ko hasken rana ba ya ratsawa. Iskar taya kuma a auna da sassafe, kafin kwalta ta ɗau zafi.