Ruwa ya zube a laftof ɗinka kuma ta ƙi kamawa? Ga yadda za ka yi

Abu na farko, kuma don Allah ka ji shi da kyau, ka daina danna botin ɗin pawa. Na san hannu ba ya haƙuri, mutum yana so ya ga ko za ta kawo wuta ne ya samu kwanciyar hankali, amma kowane dannawa da kake yi alhali akwai danshi a ciki kana tura wuta ne ta hanyoyin da ba nata ba. Yawancin laftof ɗin da ke mutuwa bayan ruwa ba ruwan ne ya kashe su nan take ba, haɗuwar ruwan da lantarki ne, sai kuma tsatsar da ke biyo baya a kwanakin da ake jira wai ta bushe.

Ka zare caja, ka cire duk abin da ke jikinta, filas, maus, katin memori, komai. In har yanzu akwai wata 'yar fitila da ke ci ko kana jin fanka na juyawa, to danna pawa ka riƙe kamar daƙiƙa 10 har ta mutu gaba ɗaya, kar ka tsaya neman yin sebin ɗin aikinka. Wannan ne kaɗai dannawar da aka yarda da ita. Sai ka goge saman da tsumma mai tsotse ruwa, dangwalawa ake yi ba gurzawa ba, ka buɗe ta rabi ka kifa ta a kan tawul kamar an kafa tanti yadda kibod zai kalli ƙasa, ruwan ya fito ta inda ya shiga kada ya gangara wajen sikirin. Kar ka girgiza ta, girgizawa kai ruwan take yi lungunan da da bai je ba.

To yanzu maganar batir, nan ne mutane da yawa ke tafka asara. Laftof da aka kashe ba a kashe take da gaske ba. Muddin batir na jone, akwai layukan wuta na bolt 3.3 da bolt 5 da ke ci gaba da aiki a kan bod ɗin, wato babban allon lantarkin da ke cikin laftof, su ne ke gadin botin ɗin pawa suna jira ka danna, ga kuma babban layin batir ɗin kansa da ya fi su ƙarfi. Ruwan da muke sha kuma ba tsantsar ruwa ba ne, akwai gishiri-gishiri da ma'adanai a cikinsa, da zarar ya kwanta tsakanin ƙafafu biyu na wani ƙaramin abu mai wuta sai ƙarfen ya fara cin kansa, cikin 'yan sa'o'i za ka ga wani abu fari ko kore-kore ya tsiro a wurin. Shi ya sa ajiye ta kwana uku a kan tebur da batir a ciki ba jinya ba ce, ba ta lokacin ruɓewa kawai ka yi. In tsohuwar laftof ce mai batir a waje, zare sakata ka fitar da shi, shi ke nan. In ta zamani ce mai batir a ciki dole sai an buɗe bayanta, kuma yau ɗin nan ba gobe ba. In ka san ba za ka iya ba ka kai wa mai gyara ko da batir ɗin kawai zai cire maka, ka faɗa masa gaskiyar abin da ya zube da lokacin da ya zube.

Kafin ka kwance ko da kusa ɗaya ka duba batun garanti. Garantin da kamfani ke bayarwa na yau da kullum ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa, sai in ka sayi ƙarin kariya ta haɗari, to in kana da ita ka tuntuɓe su tukuna. Kuma kar ka ce za ka ɓoye, wasu na'urorin irin su MacBook suna da 'yan ƙananan tambari a ciki da ke komawa ja idan ruwa ya taɓa su.

Shinkafa kuwa, a bar ta a tukunya. Ba ta iya zuƙo ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin cif, wato ƙananan baƙaƙen abubuwan nan da ke liƙe a kan bod, abin da take ƙarawa ƙura ce da ɓarɓashi a cikin fanka da ramukan USB, hatta kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone da kada su saka waya a buhun shinkafa. Handiraya mai zafi ma haka, tana narka maɓallan kibod ta kuma hura ruwan can ciki. Shanya ta a rana da batir a ciki shi ma ganganci ne.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan sukudireba (yawanci mai kan kuros ne, wasu na son mai tauraro T5, MacBook kuma na son nata na musamman P5), tsohon katin roba na ɓamɓare murfi, buroshin haƙori mai laushi sabo, tsumman da ba ya zubar da zare, da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, in ka samu mai 99 ya fi. Mai kashi 70 ɗin nan na goge ciwo ragowar kashi 30 ɗinsa ruwa ne, ka ga an koma gidan jiya. Fetur, tina, da abin goge jan farce kar su kusanci bod, suna cin roba. Shi ma isopropyl yana kama wuta, a yi aikin inda iska ke shiga, nesa da sigari da murhu.

Ka nemi bidiyo ko littafin kwance ainihin samfurin laftof ɗinka, lambar tana rubuce a ƙasanta, Dell da HP da Lenovo suna sa littafin gyaran yawancin samfuransu kyauta a intanet. Taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu a ciki saboda lantarkin jiki. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki, kusoshin kuma ka jera su a kan takarda yadda suke a jiki don tsawonsu ba ɗaya ba ne, doguwa in ta shiga ramin gajera sai ta huda bod ko ta ɓullo ta sama. Murfi na buɗewa ka fara da soket ɗin batir, ka ja shi ta kan robar ba ta wayoyin ba, da farce ko roba ba da ƙarfe ba. In ka ga batir ɗin ya kumbura ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi ko ya yi ɗumi, kar ka matsa shi kar ka lanƙwasa, ajiye shi gefe a kan siminti, ya gama aiki. Sannan ka cire ɗan ƙaramin batir ɗin CMOS da ke riƙe agogo da kwanan wata in akwai, mai kama da kwabo, yawanci CR2032 ne mai bolt 3. Fitar da RAM (katin ƙwaƙwalwar aiki) da SSD ko had disk (ma'ajiyar fayilolinka) da katin wayfay ka ajiye su a busasshen wuri.

Yanzu haska tocila ka bi bod ɗin a hankali, in kana da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya mai zum ka yi amfani da ita. Abin da kake nema: tabon ruwa da ya bushe ya bar zobe, wuri mai danƙo, farar hoda ko koren gansakuka a ƙafafun cif, da baƙin tabo na ƙuna. Matsalar ita ce ruwa ta kibod yake shiga, ke nan fuskar bod ɗin da ta fi jiƙa ita ce wadda ba ka gani idan ka buɗe ta baya, sau da yawa sai an zare bod ɗin gaba ɗaya an juya shi. Wayoyin nan masu faɗi kamar ribon suna da ɗan ƙaramin murfi da ake ɗagawa kafin a zare su, da farce ake ɗaga shi a hankali, in ya karye ka jawo wa kanka sabon aiki.

Abin da ya zube yana da muhimmanci sosai. Ruwan sha zalla shi ne mai sauƙi. Shayi mai sukari da madara, kofi, lemon kwalba, waɗannan ko sun bushe suna barin danƙo da ke jawo danshin iska ya ci gaba da haɗa wuta, lemon kwalba ma ga asid a ciki, ruwan gishiri kuwa ya fi kowa mugunta. Irin waɗannan bushewa kaɗai ba ta isa, dole a wanke. Tsoma buroshi a isopropyl ka goge wurin da zagaye ƙanana ba tare da dannawa ba, don akwai abubuwan da ba su kai ƙwayar gero ba kuma in tsatsa ta ci ƙafarsu da ɗan ƙarfi kaɗan za su fita. Ka zuba kaɗan ya bi ta ƙarƙashin cif ya kwaso dattin, ka dangwale da tsumma, ka maimaita har tsumman ya daina canza launi. Sukari ba ya narkewa sosai a isopropyl mai ƙarfi, saboda haka in danƙon ya ƙi fita a fara da tataccen ruwa irin na distil a kan buroshi, sannan a bi da isopropyl ya kore ruwan. Kar ka manta bakin soket-soket da ramin RAM da ramin caja. Sikirin, sifika da batir kuwa ba a jiƙa su. In ka cire ƙarfen da ke sanyaya firosesa, wato babban cif ɗin da ke tafiyar da kwamfutar, sai ka goge tsohon man nan mai toka-toka ka sa sabo lokacin mayarwa, in ba haka ba za ta riƙa zafi tana mutuwa.

Bar komai a buɗe a gaban fanka mai iska mara zafi na sa'a 24 zuwa 48, in ba ka iya zare bod ɗin ba ka kai 72. Kibod ya fi komai jinkirin bushewa saboda ledoji ne aka jera a kan juna.

Gwajin farko ba da batir ake yi ba. Mayar da bod, fanka, sikirin, RAM guda ɗaya da wayar botin ɗin pawa, danna pawa ka riƙe daƙiƙa 30 babu caja don ragowar wuta ta fita, sannan ka jona caja kana kallo kana kuma shinshinawa. In cajarka mai fitila ce kuma fitilar ta mutu da zarar ka soka ta a laftof, ko ka ji ƙauri, ko wani wuri ya yi zafi nan da nan, zare maza, akwai shot, wato wuta ta haɗu inda bai kamata ba, a babban layin da ke ɗaukar bolt 19 zuwa 20 ɗin caja, wannan aikin mai mita da kayan walda na bod ne, ƙara gwadawa ƙara ƙonawa ne. In shiru ba zafi ba ƙauri sai ka danna pawa sau ɗaya ka jira, bayan cire batir ɗin CMOS wasu kan yi minti ɗaya ko biyu da baƙin sikirin, har su mutu su tashi da kansu, ba matsala ba ce, kwanan wata ne kawai zai rikice ka gyara.

In fanka na juyawa amma babu hoto, haska tocila dab da sikirin ka duba ko akwai hoto dishi-dishi, in akwai to hasken baya ne ya mutu, kwamfutar na raye. Jona ta da talabijin ta HDMI ka tabbatar. In nan ma babu, canza RAM ɗin zuwa ɗaya ramin ko ka gwada ɗayan. Ka lura da ƙiftawar fitila ma, Dell na ƙifta ruwan lemo da fari, HP na ƙifta fitilar Caps Lock, ƙirga su ka duba ma'anarsu a littafin samfurin.

Wani abu da ake yawan mantawa, a laftof da yawa na yanzu botin ɗin pawa a jikin kibod yake, waya ɗaya suke bi. Kibod ɗin da ya sha shayi zai iya hana botin aiki ko ya sa bod ya ɗauka an danne shi ba a saki ba, sai a yanke wa laftof hukuncin mutuwa alhali bod ɗin lafiya lau. Zare ribon ɗin kibod ka jona caja, wasu suna tashi da kansu, wasu sai mai gyara ya taɓa wurare biyu a bod ya tashe ta. In ta tashi, sabon kibod ne maganin, wanke shi ba kasafai yake ɗorewa ba.

In duk wannan bai yi ba ka nemi mai gyaran bod na gaske, wanda ke da madubin ƙara girma da injin wanki na ultrasonik, ba wanda daga gani zai ce a canza bod ba, sau tari abu ɗaya ko biyu ne suka ƙone. Fayilolinka kuma yawanci suna nan, SSD ko had disk ɗin da ka cire ka sa shi a ɗan akwatin USB da ya dace da shi ka jona a wata kwamfutar. In ta nemi makullin BitLocker, tsarin Windows na kulle fayiloli, lambobi 48 ne, galibi suna ajiye a asusunka na Microsoft. Masu MacBook na baya-bayan nan, irin masu firosesa M1 da aka fara fitarwa a 2020, tasu ma'ajiyar a liƙe take da bod, ba a ciro ta, don haka su kam kar su yarda a canza bod kafin a yi ƙoƙarin tayar da shi a kwashe bayanan.

In kuma ta tashi, kafin ka buɗe komai ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa waje, tsatsar da ta ɓuya a ƙarƙashin cif tana iya dawowa bayan makonni. Sannan ka kashe, ka mayar da batir ka ga ko yana caji, ka gwada kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, da ramukan USB, sifika, kyamara da wayfay, kafin ka ɗaure murfin baya.