Yadda Za Ka Koya wa Ɗaliban Aikin Laburare Kwamfuta Tun Daga Tushe

Duk shekara idan sababbin ɗaliban aikin laburare suka shigo ajina a nan Jos, nakan tambaye su wa ya iya kwamfuta. Hannuwa su tashi kusan duka. Sai in ce kowa ya rubuta sunansa, ya ajiye fayil ɗin, ya rufe komai, sannan ya nemo min shi. A nan ake yin ta. Yaran sun ƙware a waya, amma waya ba ta taɓa nuna musu inda take ajiye abu ba. Shi kuwa ma'aikacin laburare, aikinsa ke nan kacokan: ya ajiye abu yadda wani zai same shi bayan shekara ashirin. Ga hanyar da nake bi, ko za ta yi wa wani malamin amfani.

Ka fara da hannu. Kada ka ɓata makonnin farko kan tarihin kwamfuta da zamunnanta. Wannan su karanta a gida. Ranar farko ka kawo tsohuwar kwamfuta ka kwance ta a gabansu, su ga faifan da ke riƙe bayanai, su ga ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke mance komai da zarar wuta ta ɗauke. Su haɗa wayoyi da kansu, su kunna, su kashe yadda ya kamata. Ka nuna musu yadda ake kakkaɓe ƙura, domin hunturun Jos ba ya ragawa na'ura. Idan kwamfutocin ba su isa ba, ka zaunar da su uku-uku, kowa minti ashirin a kan madannai. Ka sa ido sosai a nan, don sau da yawa ɗalibi ɗaya ke kankane kujera, mata su koma 'yan kallo.

Daga nan sai fayil da folda, kuma a nan nake daɗewa fiye da ko'ina. Ka kwatanta musu da abin da suka sani: folda kanta ce, fayil littafi ne, sunan fayil shi ne lambar da ke manne a gadon bayan littafin. Ka ba su fayiloli hamsin a cakuɗe, hotuna da wasiƙu da jadawali, ka ce su tsara su, su raɗa musu suna da tsari ɗaya, kwanan wata a gaba: shekara, wata, rana, kamar 2024-03-15. Da wannan tsarin kwamfuta za ta jera su da kanta. Sai ka sa su musanya kujeru, kowa ya nemo takarda guda a cikin tsarin ɗan'uwansa. Wanda aka kasa samun komai a foldarsa ba sai ka yi masa dogon bayani ba.

Kafin ka bar wannan mataki, ka koya musu rubuta ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Windows na da madannan Hausa, Gboard ma haka a waya, saita su kawai za a yi. Wannan ba ado ba ne. Baki daban, baƙi daban. Kasa daban, ƙasa daban. Idan aka shigar da littafin Hausa cikin katalogi ba tare da haruffan ba, an canza masa suna. Ka sa su ajiye jadawali a tsarin UTF-8, wato tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffan nan namu, sannan su sake ajiye shi a wani tsohon tsari, su buɗe su ga yadda haruffan namu suka rikiɗe zuwa alamar tambaya. Gani ya kori ji.

Mataki na gaba jadawali ne. Kowa ya kawo littattafai goma daga gida, ya shigar da su a Excel ko LibreOffice: marubuci a shafi ɗaya, sunan littafi a wani, mawallafi, shekara, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Ka ja hankalinsu ga lambar: tun 2007 ta koma lambobi 13, kuma littattafan da aka yi wa rajista a Najeriya sukan fara da 978-978, Babban Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita. Da sun jera littattafan bisa sunan marubuci za su ga matsala da idonsu, wani ya fara da sunan mahaifi, wani da sunan yanka, wani ya sa Malam ko Alhaji a gaba. Daga wannan rikicin za su fahimci dalilin da ya sa katalogi ke da ƙa'ida.

Sai yanzu za ka kawo MARC 21, wato tsarin da ake bi wajen shigar da bayanan littafi cikin katalogin kwamfuta. Ɗalibai na tsoronsa don an saba koyar da shi kamar hadda. Alhali shafukan jadawalin nan nasu ne aka ba lamba: 100 marubuci, 245 sunan littafi, 264 wallafa, 020 ISBN, 082 lambar Dewey ta jera littafi a kanta, 650 maudu'i. Waɗannan shida sun isa a zangon farko.

Inda za su yi aikin shi ne Koha, manhajar laburare ta kyauta da aka ƙirƙira a New Zealand a 1999. Ka girka ta a kan kwamfuta ɗaya mai Debian ko Ubuntu (manhajojin tafiyar da kwamfuta ne irin su Windows), ka haɗa ta da ƙaramar na'urar wayfai. Ba ka buƙatar intanet ko data, ɗalibai za su shiga ta wayoyinsu a cikin aji. Idan akwai batir ko sola da zai riƙe waɗannan biyun, ɗaukewar wuta ba za ta tsayar da darasi ba. Ka raba su: wasu na shigar da littattafai, wasu na yi wa masu karatu rajista, wasu na ba da aro da karɓa. Mako mai zuwa a juya. A nan ne kuma za ka gaya musu cewa abin da mutum ya ara amana ce, ba a faɗa wa mijin mace ko uban yaro, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi laburare kamar yadda ta shafi banki. Kowa da kalmar sirrinsa, ba a aron ta.

Bincike a intanet ba ya cin lokaci idan ka ɗauki batun gida. Ka ce su nemo rubuce-rubucen masana kan haƙar kuza a Filato, su gwada kalmomin haɗa bincike ko taƙaita shi, wato AND da OR da NOT, da alamar zance, a Google Scholar da AJOL, shafin mujallun masana na Afirka. Kowa ya kawo uku, ya faɗi wa ya rubuta, a ina aka buga, me ya sa ya yarda da shi.

Ajiyar kwafi kuwa, mu a Jos ba sai an yi mana wa'azi ba. A watan Oktoban 2016 gobara ta cinye ginin laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta. Littafin takarda idan ya ƙone ya tafi, amma katalogi da takardun da aka ɗauka a sikana ba su da dalilin tafiya tare da shi. Ka koya musu kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kuma ka sa su gwada dawo da bayanan daga kwafin, domin akwai masu ajiya shekara da shekaru ba su san fayil ɗin ya lalace ba. Idan ka samu hali, ka kai su gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, su ji yadda ake kula da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ke can.

Jarrabawa ma a kan na'ura za ka yi ta. Ka miƙa wa ɗalibi littafin Hausa da bai taɓa gani ba da filasha guda. Ya shigar da littafin cikin Koha da haruffansa daidai, ya ba wani aro, ya fitar da kwafin bayanan ya sa a filashar da suna mai tsari. Ka ba shi minti talatin, ka zauna a gefe kana kallo, kada ka taɓa masa madannai.